Yadda na bi sawun gudummawar ɗan takara

Shekarar da aka yi zaɓe a gida, ina cikin shekarata ta biyu a Doha. Ɗaki ɗaya muke haya a Ain Khaled, ni da maigidana, wanda direba ne a wani kamfani. Ba na aiki, shi ya sa littafin ƙungiya ya faɗo hannuna. Ƙungiyar 'yan garinmu ce, direbobi da masu gadi, kowa yana zuba abin da aka yanka duk wata. Kuɗin na ranar wuya ne. Wanda kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya sallama a saya masa tikitin komawa, wanda ya rasu a aika wa iyalinsa. Mata ba sa zuwa taro. Maigidana ne ma'aji a suna, amma rubutunsa kamar kaza ta yi tono, don haka ni ke shigar da komai.

Shugaban ƙungiyar kawun maigidana ne, shi ya nema masa biza. Wata Juma'a suka yi taro a bakin ruwa a Al Wakrah, Kawu ya kawo shawarar a ba ɗan takarar majalisar tarayya na mazaɓarmu gudummawa daga asusu, rabi yanzu, rabi idan zaɓe ya matso. Ya ce asibitin garinmu ya lalace, kuma ɗan siyasa ba ya manta wanda ya tuna da shi kafin ya hau. Ba wanda ya yi musu. Wa zai yi musu da mutumin da ya kawo rabinsu ƙasar?

Da na zo shigarwa na tambayi maigidana wa zan rubuta ya karɓa. Ya ce in rubuta siyasa. Na ce siyasa ba ta da hannu. Ya ce in bar shi ya huta, na bar shi, amma na bar gurbin a buɗe. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, idan rabin na biyu ya fita, abin da zai rage ba zai sayi tikitin mutum biyu ba.

Akwai wata maƙwabciyata 'yar Najeriya mai karatun digiri na biyu. Da na yi mata ƙorafi sai ta nuna min a wayarta cewa a Amurka ƙungiyoyin da ke tara wa 'yan takara kuɗi dole su bayyana, har akwai shafin da kowa zai shiga ya duba. Turancin ya yi min yawa, amma layukan na gane su: wa ya bayar, wa ya karɓa, nawa, yaushe. Na ce mata mu ba mu da shafi, amma muna da mata.

Da yayata na fara, don matar ƙanen Kawu ƙawarta ce. Cikin mako biyu, da saƙon murya kawai, na haɗa hanyar. Kawu ya canza riyal, naira ta faɗa asusun ƙanensa a gida. To a wurinmu ba a tura wa babban mutum gudummawa ta waya kamar kuɗin cefane. Sai an ɗauka da hannu, an je gaisuwa, an miƙa. Ƙanen ya ga bai kai ya shiga wurin ɗan takara kai tsaye ba, sai ya nemi wani dattijon jam'iyya ya yi masa iso. Aka cire kuɗin mota, aka cire na goron dattijo. Dattijo ya ce mai girma yana Abuja, a bar saƙon wurinsa. Shi kuma ya kai wa kodinetan gunduma, kodineta ya cire na ɗawainiya ya miƙa wa shugabar mata.

Ba wanda a cikinsu ya ɗauki kansa ɓarawo. Kowa ladan hanya ya ci. Abin da ya fi ba ni haushi sunan ne. Daga Doha kuɗin ya fita da sunan ƙungiya. A hannun ƙane ya zama saƙon Alhaji na Qatar. A wurin kodineta ya zama ƙoƙarin dattijo. Shugabar mata ta sayi taliya da sabulu ta raba da sunan ɗan takara, wanda ko labarinmu bai ji ba.

Inna ma ta samu. Ta kira ni da murnarta, taliya biyu da sabulu ɗaya, tana ta sa wa ɗan takara albarka.

Na ce, “Inna, surukinki za ki sa wa albarka, guminsa ne.”

Ta ce, “Ke dai bakinki ba ya da linzami.”

Na cike gurbin da layi biyar, kowane hannu da abin da ya shiga da abin da ya fita. Maigidana ya gani ya roƙe ni in goge. Ya tuna min cewa ba don Kawu ba da yana can yana jan a-daidaita-sahu. Na ce ban rubuta Kawu ya ci ba, inda suka bi na rubuta, in yana so ya yage shafin da hannunsa. Bai yage ba. Dokar ƙungiya ce a zagaya da littafi a kowane taro kowa ya duba, haka ya ɗauka ya tafi kamar mai zuwa ta'aziyya.

Ya dawo kafin magariba. Ya ce littafin ya bi hannu hannu, sai wani mai gadi da kwantiraginsa ke gab da ƙarewa ya tambaya, in an fitar da rabin na biyu, da me za a mayar da shi gida. Kawu ya ce khalas, wato magana ta ƙare, a bar asusu yadda yake, mai son ɗan takara ya ba shi daga aljihunsa. Sannan ya ƙara da cewa littafi ya yi wa mace nauyi, za a ba wani.

Da kansa ya zo karɓa, Juma'ar da ta biyo. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa shayi da littafin.

Ya ce, “'Yar nan, an ce kin iya bin sawu.”

Na ce, “Kawu, sawun ne bai ɓuya ba.”

Ya saka tabarau ya buɗe shafin, ya daɗe a kansa fiye da yadda layi biyar ke buƙata. Can ya ɗora yatsa a layi na uku ya tambaye ni ko na tabbata abin da dattijon ya cire ke nan. Na ce matar dattijon ce ta faɗa. A lokacin na gane shi ma a bakina yake fara ji. Ya rufe littafin ya sa a hammata, ya ce wa maigidana ya tuna wa mutane zubin ƙarshen wata.