Ƙafar Totur

Tun yana saurayi yake jan motar haya, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Direba yake ce masa. Yakan yi alfahari da ƙafarsa ta dama, wai ta fi idonsa sanin hanya. Ita ce kuwa ta fara cin amanarsa, ranar da ɓarin jikinsa ya shanye yana tsaka da goge gilashi.

Baki ya dawo, hannu ma ya dawo. Saura ƙafa. A asibiti an nuna wa matarsa yadda za ta riƙa tanƙwara masa sawun sama, safe da yamma. Ta gwada, ya yi ƙara, hawaye ya zubo masa.

"Wallahi ba zan iya ba, Baban yara," ta ce. "Mutumin da ya sha wuyar hanya, ni kuma in ƙara masa?"

Sai ta koma jinyar da ta iya. Ta hana shi motsi, ta lulluɓe shi da barguna masu nauyi, tana cusa bakinsu ƙarƙashin katifa kada iska ta shiga. Bargon ya danne yatsun ƙasa, wata da watanni. Shi ma dai bai yi musu ba, hutun ya yi masa daɗi.

Da ya tashi miƙewa, sharaɓar ta tsotse kamar ta yaro, agara ta ɗaure tamau, diddige ya ƙi taɓa ƙasa. A kan yatsu yake dogarawa, ya gaji kafin ya kai ƙofa.

Mai motar da yake ja mutumin kirki ne, bai ba kowa ita dindindin ba. Ran nan ya kawo ta har ƙofar gida.

"Direba, hau mu gani. Ko zuwa bakin titi ne."

Ya hau da kyar, ya tayar, giyar motar na firi, ba za ta motsa ba. Ƙafar ta sauka kan totur, injin ya ɗauki ruri. Ya nemi ɗago ta zuwa birki, ta ƙi. Sai da ya sa hannu biyu ya cicciɓo gwiwarsa, sannan ƙarar ta mutu.

Ya jima yana kallon yaran da ke wasa gaban motar. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, riƙe da bargo don kada ya ji sanyi.

Ya zare makullin ya miƙa wa mai motar.

"Ka ba wani ita," ya ce. "Mai ƙafar birki."