Ƙwallayen Ma'azu da Sunan Dogara

Takalma suka kawo Ma'azu birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ba ƙwallo ba. Ɗan Fagge ne, yana saro wa yayansa kaya a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu yana turawa Kano. Amma ƙafar hagunsa ba ta bar shi ya zauna ba. Wata Lahadi yana taka leda da 'yan'uwa 'yan kasuwa, wani mai masana'antar soson takalmi ya gan shi, ya ja shi kulob ɗinsa da ke buga gasar gari, inda ake ɗan ba 'yan wasa na mota. Kowa Laoban yake ce wa mutumin, wato maigida.

An riga an rufe rajistar baƙi, sai Laoban ya miƙa masa katin Dogara, wani ɗan Kaduna da ya koma gida. Hoton ya dushe. "Na ɗan lokaci ne," in ji shi.

Ma'azu ya ci ƙwallo goma sha bakwai a kakar nan, huɗu da ka, har gwiwarsa ta fara kumbura. Duk sati shafin gasar yana fitar da jadawali, sunan Dogara a sama. Ma'azu ya yi ta haɗiye abin.

Sai wani babban kulob ya ga alƙaluman, ya aika wa Dogara gayyatar gwaji har Kaduna. Dogaran da ya ajiye tumbi yana sayar da taya! Shi ya bugo wa Ma'azu waya ma yana dariya.

Ma'azu ya sami Laoban a ofis, ya ce, "Ka gaya musu ni ne."

Laoban ya juya masa kwamfuta, ya bi sunayen da yatsa. "Ma'azu? Meiyou." Babu. Kalmar da ake faɗa wa mai neman lambar takalmin da ta ƙare.

A wasan ƙarshe Ma'azu ya yanke gola, raga ta rage wayam a gabansa. Ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu, ya nufi alƙalin wasa ya dangwara masa ita a ƙirji.

"Sunana Ma'azu Shitu! Rubuta!"

Alƙalin ya ba shi jan kati, ya kuma rubuta. Aka yi bincike, aka zabtare wa kulob ɗin maki, Ma'azu kuma aka dakatar da shi shekara biyu, aka goge ƙwallayen gaba ɗaya.

Yayansa ya kira daga Kano yana faɗa, wai ya ɓata da Laoban, wanda ke ba su kaya da sauƙi. Ma'azu ya ce, "Yaya, ko kyauta yake bayarwa ba na so." Washegari ya fita neman wata masana'anta, yana ɗingishi.