Bik, San da Dabino Ɗaya Tak

Karatuna bai wuce izu biyu ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Amma na shekara talatin ina tura alhazai a keken guragu tsakanin Safa da Marwa, na tsinci "tankiyu" da "no furoblam", saboda haka a gidanmu na Misfala ni ne Bature. Uwargida ta yarda da hakan, ni ma har na yarda.

'Yarmu tana aure a Ingila, suka sa jikanmu makarantar kwana. Yakan turo wa kakarsa saƙon murya da Larabci da 'yar Hausar da ta rage masa, yana cusa wasu kalmomi a tsakani. Ranar nan bayan la'asar muna shan shayi ta miƙo mini wayar. Wai bik ya kai shi san yau kwana uku, kuma in maƙwabcinmu mai shirin zuwa Ingila zai taho a ba shi dabino, yana son tak.

Na gyara zama na ce ai a fili yake, biki suka tafi wani gari wai shi San. Dabino kuwa, yaro ya ɗauki halin Turawa na rashin son lodi, ɗaya tak ya ce.

"Malam, ɗaya? Tun daga Makka?"

Na ce ni da ke wa ya ji Turanci? Ta zaɓi dabinon ajwa mafi girma ta ƙulle a leda. Ni na kai wa maƙwabcin har tashar Kudai, yana juya ƙullin yana tambaya ko laya ce.

Bayan mako 'yarmu ta bugo. Ashe yaren 'yan makarantar ne. Bik malami ne, wai da Turanci bakin tsuntsu ke nan, don yana tsattsage su. San ɗakin jinya ne, zazzaɓi ya kwantar da yaron. Tak kuwa kayan ƙwalam ne da suke rabawa, ya riga ya cika wa 'yan ɗakinsu baki cewa dabinon Makka na hanya.

Uwargida ba ta ɗaga murya ba. "Jikana na kwance, ka ce mini biki yake."

Yanzu in saƙo ya shigo sai ta yafa mayafi ta wuce ni, ta sauka wurin 'yar maƙwabta mai karatun nas. In ta dawo ta fassara mini a hankali, har da tambayar ko na gane.