Baki na Shida

Kawuna, ƙanin Umma, da taya ya fara. Shekara goma sha biyu yana faci a bakin titi, har ranar da kwatar shagonsa ta toshe, ya rasa abin zura mata, ya kafa mata tiyon injin iska. Ruwan ya wuce kamar an kore shi da bulala. Daga ranar ya bar taya.

Yanzu wata 'yar bindigar iska yake yawo da ita, mai famfon hannu da agogo a gefe. Sai ya buga famfo har allurar agogon ta hau, ya danna bakin robar a ramin da ya toshe, ya ja kunama. Amma kafin nan sai ya zagaye gida yana ƙirga duk inda ruwa ke shiga, yana cusa jiƙaƙƙen tsumma. Shi ya sa ake ce masa Ƙirga-Baki.

Na taɓa tambayarsa dalili.

"Iska ba toshiya take nema ba, ɗana, ƙofa take nema," in ji shi. "Ka bar mata baki ɗaya, ta nan za ta fito, kuma ba ita kaɗai ba."

A gidanmu ya koyi wannan, ina rarrafe. Ya harba a banɗaki bai toshe ramin wanke-wanke ba, baƙin ruwa ya yi tsalle ya wanke wa Umma fuska a gaban baƙi. Shekara ashirin ko kan famfo ba ta bari ya taɓa ba. In ya zo gaisuwa yakan ajiye jakarsa a waje, kamar takalmi.

Watan jiya ramin wanke-wanken ya toshe. Mai gyaran da aka kira ya ce sai an fasa daɓe. Umma ta kwana biyu tana juya maganar a ranta, sannan ta aika a kira Kawu.

"Auta, in ka sake yi min wanka, da taɓarya za ka fita."

"Yaya, ai wancan tuni ya bushe."

Ya ƙirga biyar, ya toshe. Ya ba bututun iska kaɗan, ya kara kunne a bango. Sai ya ajiye bindigar.

"Akwai na shida."

"Shekara talatin ina gidan nan, kai za ka ƙirga min?"

Kawu ya ɗauki bindigar. Ya sake ba da iska, ya durƙusa yana bin daɓe da tafin hannu kamar mai neman allura. A gindin kabad ledar ƙasa ta ɗan kumbura, ta kwanta. Ya ɗaga ta: ga tsohon rami, daidai ƙarƙashin buhun garin Umma.

Umma ta kama haɓa. "Marigayi maigidana ne ya rufe shi. Wallahi na manta."

Kawu ya cusa tsumma, ya ce wannan sai an taka, domin bakinsa da faɗi. Na miƙe zan taka, ya girgiza kai.

"Mai gida ce za ta hau. In ya fito, ita ya sani."

Ta harare shi, ta tattare zani, ta hau da ƙafa biyu, ta runtse ido. Kawu ya ja kunama. Bututun ya yi tari a cikin bango, ruwan da ya kwana huɗu tsaye ya juya, ya juya, ya tafi da wani dogon rugugi.

Umma ta shafa fuskarta, ta duba tafin hannunta. A bushe.

Kawu ya kwashe tsummokaransa, ya ɗauki jaka zai kai waje.

"Ina za ka da ita?" in ji Umma. "Ajiye nan. Famfon banɗaki ma ɗiga yake."