Wa Zai Gyara Mini Karatu, Husaini?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ke ba bawa ƙarfi bayan rauni, ya kuma mayar da shi ga rauni idan ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ya ku masu karatu, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Talata, sha biyar ga Safar, 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokin tagwaicina, Malam Husaini Mu'azu, mai gyaran keken ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi, yana da shekara saba'in da huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Husaini, matan unguwar Daurawa sun zo gaisuwa. Wata ta ce a ka ka ɗauko mata kan kekenta har ƙofar gida, don ka ji ba ta da ɗan aike. Maƙwabcinka Obinna ya zauna a tabarmar zaman makoki kwana uku, yana faɗin yadda ka yi jinyar mahaifinsa a asibiti shi yana kan hanya. Waɗannan shaidunka ne. Ni kuwa abin da zan faɗa laifina ne.

Shekara arba'in da ɗoriya, bayan sallar asuba, kakan hau kekenka ka zo zaurena a Tarauni mu yi tilawa. Izu biyu kullum, ba mai riƙe da takarda. Ka ja, in saurara. In ja, ka saurara. Idan na yi tuntuɓe sai ka yi gyaran murya sau ɗaya, ka ce, "Malam Babba, minti goma ka riga ni zuwa duniya, ga shi sun fara nunawa."

Shekara shida da suka wuce kai ka fara tuntuɓe. Ka baro wannan sura ka faɗa waccan. Tafiyarka ta koma jan ƙafa, ka faɗi da keke sau biyu. Ni da mutane ke kira malami ban ga ciwo ba, sakaci na gani. Wata safiya, a gaban mutane biyar, na ce maka, "Kai ka saki karatu, shi ya sa ya sake ka." Ka duƙa kana neman takalminka alhali yana ƙafarka.

'Yarka Hadiza ce ta kai ka asibiti, na bi ku, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarka. Likitar, Dakta Motunrayo, ta nuna mana wani farin tabo, ta ce, "Baba, a cikin ƙwaƙwalwa akwai farin sashe, kamar wayoyin lantarki ne masu kai saƙo daga nan zuwa can. Tsufa yana cin su a jikin kowa, hawan jini yana ƙara ci. Amma saurin cin, kaso mai yawa gado ne. Akwai wanda ya yi haka a gidanku?"

Sai muka dubi juna. Mahaifiyarmu Inna Kulu haka ta ƙare, tana jan ƙafa, tana sallar azahar sau biyu. Dangi suka ce iska ce, muka yi ta rubutun sha, ba wanda ya taɓa auna jininta.

Likitar ta dube ni ta dube ka. "Ku kamarku ɗaya, ƙwayoyin gadonku ma ɗaya ne. Da Baba Hassan zai yarda a ɗauke shi hoton, da mun ƙaru, shi ma ya ƙaru." Na ce mata na dogara ga Allah. Ƙarya na yi wa kaina, tsoro ne na sa masa rawani. Kai kuwa ka miƙa hannu aka ɗebi jini, ka tara 'ya'yanka da nawa ka ce kowa ya riƙa auna jininsa. A cikin adaidaita sahu ka ce mini, "Malam Babba, ka ga ashe ban sake shi ba." Ka yi dariya. Don kunya na ce a raina gobe zan nemi gafararka, goben ta yi ta tafiya har ranar da ka daina gane ni, kana ce mini Alhaji, kana yi mini sannu da zuwa.

Yanzu ni kaɗai nake ja a zaure. Ɗalibaina suna jin nauyina, ko na karkace ba mai tari. Nakan kai ƙarshen izu ban san ko daidai na zo ba.

Ranar Litinin da ta wuce na je aka ɗauki hoton. Tabon yana nan, Husaini, a inda naka ya fara, sai dai bai kai naka ba. An ba ni maganin hawan jini, ina sha. Na kuma miƙe a masallacinmu bayan la'asar, na faɗa wa jama'a abin da na ce maka da abin da likita ta gani, na roƙe su: duk wanda ya ji na yi kuskure, yaro ne ko babba, ya ɗaga murya ya gyara mini, kada ya dubi furfurata. Na so a ce kana sahun gaba ka ji. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Ya Allah ka jiƙan Husaini, ka haskaka kabarinsa, ka mayar masa da kowace aya da ta kuɓuce masa, ka sa ciwonsa ya zama kaffara. Ina yi wa matarsa Hajiya Rabi, da Hadiza da 'yan'uwanta, da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ta'aziyya; Allah ya ba mu haƙurin rashi. Kai kuma mai karatu, Allah ya tsare maka hankalinka har ƙarshen numfashinka, ya sa ka tausasa wa tsofaffin gidanku tun suna gane ka. Amin.

Hassan Mu'azu, Tarauni, Kano.