Mannir da Baba Gaban Mota

Wanda bai san Mannir ba, in ya gan shi a tashar Gusau sai ya ɗauka ta'aziyya za shi. Fuska a murtuke, baki gum. Ga shi kuwa shi ke rubuta wasan barkwancin da ke sa mutane riƙe ciki a talabijin, a shekarun nan da aka yanka jihar Zamfara. Da can malamin firamare ne a Bunguɗu, har wani mai shirya wasanni ya ji shi yana kwaikwayon sufeton makarantu, ya ja shi Gusau.

Ba ya zaman ofis. Bas yake shiga, ya lafe a kujerar baya, ya je Tsafe ya dawo da kunne a buɗe. Yakan ce, "Ni ba ni da wata fasaha. Sata nake yi, masu kaya kuma su zauna suna yi wa kayansu dariya."

Wata rana tsautsayi ya haɗa shi mota ɗaya da surukinsa, Alhaji Hamidu, mai sayar da hatsi a Tsafe. Tsoho ya hakimce a gaba yana koya wa direba tuƙi, shi da ko keke bai taɓa hawa ba. "Kauce ma ramin nan! Yo wa ya ba ka lasin?" Dariya ta ciyo Mannir, amma wa ya isa ya ƙyalƙyale a gaban suruki? Ya danne ta har Gusau, ta ƙi fita ta baki, ta fita ta alƙalami. Haka aka haifi Baba Gaban Mota, sabon tauraron wasansa.

Wasa ya karɓu. Yara na kwaikwayonsa, direbobi na tsokanar juna da shi. Zuwaira, matar Mannir, kallo ɗaya ta yi ta dafe ƙirji. "Wannan ai Baba ne, har gyaran hular! In ya gane, da wane ido za ka dube shi?"

Tun daga nan hankalin Mannir bai kwanta ba, ya daina ko leƙa gidan surukin nasa. Shekara biyu yana samun na tuwo da wasan yana fargaba, sannan ya gaji. Ya rubuta cewa Baba Gaban Mota ya koma ƙauye noma, aka daina ganinsa.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Tsafe: Alhaji na kira. Mannir ya tuɓe takalma tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, kai a ƙasa, gumi na bin bayansa. Tsoho na kishingiɗe a tabarma, ya rame, ƙafafu a kumbure.

"Mannir, ina ka kai tsohon ga?"

"Wane tsoho, Baba?"

"Kak ka raina man wayau. Tun ran da anka fara nuna shi nis san ni ne. Hulata ce, tarina ne. Abu guda ka ɓata, ni ban taɓa zagin direba ba, gyara nikai mai."

Mannir ya fara ba da haƙuri, tsoho ya ɗaga hannu.

"Ba haƙuri nik kira ka ka ba ni ba. Tun bara ƙafar ga ta hana ni shiga mota. Duk mako sai a kai ni gidan maƙwabci in zauna gaban talabijin, in ga kaina bisa hanya, muna wuce Kwatarkwashi. Shi ɗai ka zuwa Gusau a madadina, kai ko ka ɗauke shi ka kai gona."

Tausayi da kunya suka rufe Mannir, hawaye na ɗiga a tabarmar surukinsa.

"Maida shi mota," in ji tsoho. "Ni dai na gama tawa tafiyar."