Fadar da Dauda Ya Shiga

Daga Allah muke, gare shi kuma kowa zai koma, da wanda ya fuskanci alƙibla da wanda bai fuskanta ba. Labarin rasuwarka, Yaya Dauda, ya iske ni a bakin tukubata a Tandabawi, unguwarmu a nan Makka, ina jera tsire. Alhaji Garba, mutumin ƙasarmu da ya iso Makka don hajjin bana, shi ya tsaya a kaina ya ce ka cika ranar Talata, shida ga watan azumin wannan shekara ta 1375, wato cikin Afrilun 1956. Ya ce sanƙarau ne ya shiga ƙauyukan da kake yi wa hidima, mutane suka riƙa gudun majinyata, kai ka ƙi gudu. Naman ranar nan a kan wuta ya ƙone.

Uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa. Kai ne ɗan farin Inna Shatu, a gidan Maguzawa ta haife ka. Bayan rasuwar mahaifinka ta musulunta ta auri nawa, aka haife ni, Hashimu. Da yake ɗan fari ne kai, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗinka ta ce "yayanka".

Tun kana yaro babu wanda ya tsira daga bakinka. Tafiyar mai unguwa, tarin kakarmu, rantsuwar sarkin pawa, duk ka kwashe. Da ka girma ka bi 'yan wasan kwaikwayon da ke zagaya garuruwan bakin layin dogo, a wasa guda ka fito alƙali, ka fito ɓarawo, ka koma tsohuwa mai kai ƙara. Mutanen gidanmu suna cewa ba sana'a ba ce, amma su ne a sahun gaba.

Shekarar da muka taso Makka a ƙasa, ina ɗan ƙarami, ka rako mu har Yarwa, rabin hanyar a wuyanka na yi ta. Guzuri ya ƙare mana a wata kasuwa da ba a jin Hausa. Ka shiga tsakiyar fili ka kama kokawa da jaki mai taurin kai, alhali babu jakin. Ka ja, ya ja, ya harbe ka, ka faɗi. Matan kasuwar suka yi dariya har da hawaye, suka cika wa Inna zane da gero. Ranar rabuwa ta kau da kai, ta ƙi dubanka, kamar yadda ta saba. Sai ka ja mayafina ka rufa, ka karkata kai irin nata, ka ce da muryarta, "Dauda, ka koma gida lafiya." Ta toshe baki tana dariya. Ganin ƙarshe ke nan.

Sauran labarinka a bakin alhazai muka riƙa tsintarsa. An ce akwai wani Bature, limamin Katolika, da kake kwaikwayon gurguwar Hausarsa. Ya kama ka kana cikin yi, maimakon ya yi fushi sai ya roƙe ka ka zo ka yi musu wasan bikinsu na Ista a majami'a, ya ara maka doguwar rigarsa. Rigar da ka sa don wasa, ita ka bi da karatu shekara da shekaru har aka ba ka taka, ka zama Fada, wato limami irinsa, ka haƙura da aure. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo, kuma har yau hanyarka ba tawa ba ce. Amma Musulmi ne ke kawo mana labarinka, ban kuwa taɓa jin wanda ya kawo mummuna ba. Sun ce yaron da ya ƙi magani, carar zakara kake yi masa har ya buɗe baki. Alhaji Garba ya ce kai ka yi jinyar mahaifinsa, da ka ga tsohon ya soma nisa ka tattare riga ka ruga da kanka ka kira liman ya zo ya laƙƙana masa kalmar shahada.

Inna kuwa kunnenta ya yi nauyi. Alhajin da ya fara kawo labari ya ce, "Ai ya zama Fada." Ita ta ji "yana fada". Kafin la'asar duk Tandabawi an san wancan ya zama bafade. Babu wanda ya iya gyara mata. Da aka kai maka labari ka aiko cewa a bar ta, ba ta yi ƙarya ba, Sarki kake yi wa aiki. Kowace shekara sai ta tare alhazan ƙasarmu ta tambaya, "Ya yi aure? 'Ya'ya nawa?" Su yi ta kame-kame.

Wannan shi ne nauyin da na ɗauko daga bakin tukuba zuwa gida. Na san maƙwabta za su cika ɗakinta suna nema maka gafara, samari su ce za su yi maka umra. Na tambayi malaminmu, ya ce ba a roƙa gafara ga wanda ya mutu a wajen Musulunci, sai dai a yi wa masu rai fatan haƙuri. In na yi shiru, na sa mutane addu'a a kan abin da ba haka yake ba. In na faɗa, na kashe wa tsohuwa ɗa sau biyu a rana guda.

Da safe na durƙusa gabanta na gaya mata ka rasu. Na soma neman yadda zan shigo da maganar addininka, sai ta ɗaga mini hannu.

"Halas, ya waladi, ya isa haka, ɗana," ta ce. "Wace fada ce mutum zai tsufa a cikinta ba a yi masa aure ba? Kunnena ne ya yi nauyi, hankalina yana nan. Na ga kuna son wasan, na taya ku. Ka gaya wa mutane gaskiya."

Na gaya musu. Wasu suka zo suka sha gahawa, suka ce Allah ya ba da haƙuri, suka tashi. Wasu da muka yi shekaru muna cin abinci a faranti ɗaya ba su leƙo ba. Ban taɓa ganin zaman makoki mai shiru irin wannan ba, kuma na mutumin da bai taɓa barin wuri ya yi shiru ba.

Da aka tashi zaman ta ce in kai ta Harami. Bayan sallar la'asar aka yi kiran sallar gawa, aka wuce da makara a gabanmu, ta wani ce da ke da masu yi masa salla. Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe ta fuskanci Ka'aba, ni kuwa ban san abin da za ta roƙa ba. Ba ta faɗi kalmar da malam ya hana ba. Ta ce, "Ya Rabbi, ga Dauda nan. Dauda, ɗana. Kai ka ba ni shi, ka fi ni saninsa."

Ni ma a nan addu'ata ta tsaya. Na bar ka a hannun Mai rahamar da ta fi ta uwa, wanda ba ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin mahaifinka, da mutanen majami'arka da suka zame maka 'ya'ya, da marasa lafiyar da za su jira ka ba ka zo ba. Allah ya ba su haƙuri, ya ba Inna juriya, ya sa mu cika da kyau.

A Yarwa ka kwaikwayi yadda za ta kira sunanka, alhali ba ka taɓa ji ba. Ni na ji, Yaya. Ba ka yi kuskure ba ko kaɗan, haka take faɗinsa.